Assouf: Yadda jita ta ɗauki kukan Abzinawan da fari ya raba da dabbobinsu

Makiyayin da raƙumansa suka ƙare, da wane suna za a kira shi? Tambayar da ta tsaya wa dubban samarin Abzinawa ke nan bayan farin 1973 da na 1984. Dabbobi sun mutu, rijiyoyi sun ƙafe, samari suka nufi Tamanrasset da biranen Libiya neman aikin lebura. Can aka laƙaba musu "ishumar", daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi. Ɗan gidan da ake ƙirga arzikinsa da garke ya koma ɗaukar bulo, ba takarda, ba mai sanin sunan kakansa.

Sai suka rungumi sunan, suka ɗauki jita. Kiɗan da ya fito suna ce masa "assouf". A Tamajak kalmar ta haɗa kewar gida da kaɗaicin daji, irin wanda ke sauko wa mutum bayan magariba in aka kashe wuta. Ɗan ci-ranin da ya yi Sallah shi kaɗai a Sabha ko Abidjan ya san abin da ake nufi. Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, yana cikin na farko a Nijar, kuma kasusuwansa sun yi yawo hannu da hannu lokacin tawayen 1990.

Oumara Moctar, wato Bombino, yana yaro iyalinsa suka gudu Aljeriya a 1990, can ya koyi jita. Da tawaye ya dawo a 2007 aka kashe biyu daga abokan kiɗansa, ya tsere Burkina Faso. Bai ajiye jitar ba. A 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas, a 2019 kuma faifansa Deran ya shiga takarar Grammy, na farko daga Nijar.

Waƙa dai ba ta dawo da raƙumi ko ɗaya ba. Harshen ne ta riƙe, har yaran da aka haifa a birni ke haddace kalmomin daji daga bakin mawaƙa.

Mdou Moctar, ɗan jahar Tahoua, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008. A lokacin ba kamfanin da ya rarraba shi. Matasa ne suka yi ta tura wa juna waƙoƙin daga waya zuwa waya, har suka ƙetare Sahara.