Me Ya Haɗa "gl" da Haske a Turanci?

Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Turanci a shafin kalmomin da suka fara da "gl" zai tarar kamar an tara su ne da gangan. Glow haske ne irin na garwashi, glitter ƙyalƙyali, glimmer ɗan hasken da bai kankama ba, glare kuwa hasken da ke kashe ido. A shafin "sn" kuma hanci ne ke sarauta: snore minshari, sniff shinshina, snot majina, sneeze atishawa.

Ba yau aka fara lura da hakan ba. John Wallis, masanin lissafi na Oxford, ya taɓo batun a littafin nahawun Turanci da ya wallafa da Latin a 1653, sannan a 1930 J. R. Firth, masanin harshe ɗan Birtaniya, ya raɗa wa irin waɗannan sautuka suna phonaestheme. Abin da ya sa suka ɗaure wa masana kai shi ne, ba ɗafi ba ne. A Hausa idan aka cire "ma" daga manomi ko mabuɗi, saiwar noma da ta buɗewa na nan. Amma a cire "gl" daga glow, abin da ya rage ba ya nufin komai game da haske.

Wani ɓangare na amsar gado ne, domin da yawa daga kalmomin "gl" sun fito daga tsohuwar saiwa guda mai ma'anar sheƙi. Har glad, da yau ke nufin farin ciki, a tsohon Turanci tana ɗauke da ma'anar haske. Labarin sneeze ya fi daɗi. Da "fn" take farawa a da, wato fnese, sai wajen ƙarni na 15 ta rikiɗe ta koma "sn", ta shiga sahun sauran kalmomin hanci, ta zauna daram. A 2004 Benjamin Bergen ya nuna ta hanyar gwaji cewa masu jin Turanci kan fi saurin gane kalma idan wata mai irin wannan farko da makusanciyar ma'ana ta gabace ta. Ashe dai ƙwaƙwalwa na riƙe da alaƙar, ko mai magana bai sani ba.

Sai dai a yi hattara. Glove safar hannu ce, glue kuma gam, wadda ta shigo ta Faransanci daga Latin. Babu ruwansu da haske. Snow dusar ƙanƙara ce, snake maciji, snail dodon koɗi, su ma babu ruwansu da hanci. A ganina malamin da ya koyar da wannan a matsayin doka ya cuci ɗalibansa, domin ranar jarrabawa za su yi ta cankar da ba ta da tushe. Amfaninsa a wajen hadda yake: kalmomi shida da aka jera a rukuni ɗaya na iya saurin zama a ka fiye da shida warwatse. Malaman Turanci su koyar da shi a haka, su kuma saba wa yara da duba ƙamus kafin su yanke wa baƙuwar kalma ma'ana.