Guzurin Ranar Yawon Makaranta: Rigimar da Ke Haɗa Iyaye da Malamai a Ingila

A makarantun firamare na Ingila da wuya shekara ta ƙare ba a kwashi yara a bas an kai su gidan tarihi, ko gidan namun daji, ko gona, ko bakin teku ba. Kafin ranar, makaranta kan aika wa iyaye takarda: ga inda za a je, ga lokacin tashi, ga gudummawar da ake roƙo. A can ƙasa sai 'yan layuka kan guzuri. Kada a sa lemon kwalba, kada a sa alewa ko cakulan, kada a zo da kwalbar gilashi, kada a sa komai mai gyaɗa, kuma a zuba abincin a jakar da za a iya yarwa.

Waɗannan 'yan layuka su ne suka fi jawo ƙorafi. Wata uwa za ta ce malama ta cire wa ɗanta biskit daga guzurinsa a gaban 'yan ajinsu. Wani uba zai ce 'yarsa ta yini da tuffa ɗaya saboda sanwicin da aka ba ta na naman alade ne. Wata kuma za ta ce an miƙa wa yaronta abinci a jakar takarda, kowa a bas ya gane cewa gidansu na karɓar tallafin gwamnati. Iyaye na tambaya: wa ya ba makaranta ikon shiga tukunyata? Malamai na amsawa: yara talatin ne a wuyanmu, in wani abu ya faru mu za a kama. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Amma a yawancin irin wannan rigima akwai wanda ba a jin ta bakinsa, shi ne yaron da zai buɗe jakar a gaban abokansa.

Shigar hukuma cikin cikin ɗalibi ba yau ta fara ba a Birtaniya. Lokacin yaƙin da ƙasar ta yi a Afirka ta Kudu tsakanin 1899 da 1902, an mayar da ɗimbin samarin da suka nemi shiga soja saboda jikinsu bai ƙosa ba, abin da ya tayar wa shugabanni hankali. A 1906 majalisa ta yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi damar ciyar da yaran makaranta, sannan dokar ilimi ta 1944 ta mayar da hakan wajibi. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta soke ƙa'idojin ingancin abincin, daga nan kuma kicin ɗin makarantu da yawa suka koma soye-soye masu araha. Sai a 2005 shahararren mai girki Jamie Oliver ya nuna wa ƙasar a talabijin abin da ake zuba wa 'ya'yanta a faranti, gwamnati ta ware kuɗi, aka kafa sababbin ƙa'idoji masu tsauri.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. A 2006, a garin Rawmarsh da ke yankin Rotherham, an ɗauki hoton wasu iyaye mata suna miƙa wa ɗalibai soyayyen dankali da sauran abincin shago ta tsakanin ƙarafan shingen makaranta, bayan an hana yaran fita waje sayen abinci. Jaridu sun yi musu ca, su kuwa suka ce yaransu ba sa cin sabon abincin, kuma ba za su zuba ido su bar su da yunwa ba. Tun daga lokacin tambayar ba ta mutu ba: iyaye ne ke da ta cewa kan abin da yaro zai ci da rana, ko makaranta?

Ƙa'idojin abincin makaranta da suka fara aiki a Janairun 2015 sun shafi abin da makaranta ke dafawa ko sayarwa ne, ba su shafi wanda yaro ya zo da shi daga gida ba. Sai dai doka ta bar wa kowace makaranta damar tsara nata sharuɗɗan kan guzurin gida, kuma malamai suna da hujjar da suke kafawa. Masu bincike a Jami'ar Leeds sun leƙa guzurin yara 'yan shekara takwas zuwa tara, suka wallafa a 2010 cewa kusan ɗaya cikin ɗari ne kawai ya cika ƙa'idojin da aka gindaya wa abincin makaranta. Da suka sake dubawa a 2016, adadin bai kai biyu cikin ɗari ba. Sukari da gishiri sun yi yawa, kayan lambu sun yi kaɗan. A 2015 ƙaramin ministan makarantu na lokacin, Lord Nash, ya shaida wa majalisa cewa malamai na iya duba guzurin ɗalibai, har su cire abin da ya saɓa wa tsarin makaranta idan hakan ya dace da hankali.

Samun iko daban, sanin yadda za a yi amfani da shi daban. A 2014 wata firamare a Colnbrook, kusa da Slough, ta dakatar da yaro ɗan shekara shida na 'yan kwanaki saboda biskit mai cuku da ake sa masa a guzuri, daga baya ta sallame shi ɗungurungum. Makarantar ta ce an yi ta karya tsarinta ne, kuma dangantaka da iyayen ta lalace. Ko ma wa ke da laifi a tsakanin manyan, yaron da bai je kasuwa ba, bai haɗa guzurin ba, shi ya rasa ajinsa da abokansa. Idan giwaye biyu na faɗa, ciyawa ce ke shan wahala.

A ranar yawo kuwa akwai abubuwa biyu da doka ta tsaya wa iyaye a kai, waɗanda ba kowa ya sani ba. Na farko, dokar ilimi ta 1996 ta hana makarantun gwamnati cajin kuɗi kan karatun da ake yi a lokacin makaranta. Abin da ake nema na yawon da aka yi a wannan lokaci gudummawa ce ta ganin dama, kuma ba a barin yaro a baya don iyayensa ba su biya ba, ko da yake makaranta na iya fasa tafiyar baki ɗaya idan kuɗin bai taru ba. Na biyu, haƙƙin abincin kyauta ba ya ƙarewa a ƙofar makaranta. Tun daga Satumban 2014 duk yaron da ke aji uku na farko yana cin abincin rana kyauta. Baya ga haka kuma akwai fiye da yara miliyan biyu, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ɗaliban Ingila, da suka cancanci abincin kyauta saboda ƙarancin samun iyayensu. A 2018 aka gindaya cewa iyalan da ke kan babban tallafin gwamnati sai abin da suke samu daga aiki bai wuce fam 7,400 a shekara ba kafin su cancanta, amma a 2025 gwamnati ta sanar cewa daga Satumban 2026 za a buɗe wa duk masu karɓar tallafin. Irin waɗannan yara, kicin ɗin makaranta ke haɗa musu guzuri a ranar tafiya. Uwar da ta tambaya ba alfarma take roƙo ba.

Wasu sharuɗɗan da iyaye ke gani kamar tsanani, tushensu kare rai ne. Akwai yaran da jikinsu ba ya jituwa da wasu abinci, kamar gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai ko kifi. Garkuwar jikinsu kan ɗauki abincin a matsayin maƙiyi, cikin 'yan mintuna maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya sauka. Maganin gaggawa shi ne allurar adirenalin a cinya, kuma tun 2017 an ba makarantu izinin ajiye ta ko-ta-kwana. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15 ta rasu bayan ta ci burodin da ta saya a filin jirgin Heathrow, wanda ke da riɗi a ciki ba tare da an rubuta a jikin ledar ba. Rasuwarta ta haifar da dokar da ta fara aiki a Oktoban 2021, wadda ta wajabta rubuta duk abin da ke cikin abincin da aka naɗe tun kafin a ba mai ci, tare da fito da nau'i 14 da aka fi sani da tayar da wannan cuta. A cikin bas yara na zaune a matse, suna musayar abinci, asibiti kuma na iya yin nisa. Don haka idan malama ta ce kada a zo da gyaɗa, ƙuli-ƙuli ma yana ciki, haka kantun riɗi idan an hana riɗi.

Sai batun zafi. Hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya tana gargaɗin cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 8 da 63 a ma'aunin zafi, kuma abincin firiji bai kamata ya wuce awa huɗu a waje ba. Guzurin da aka haɗa da asuba, ya yini a bas mai zafi, ya riga ya ci wannan wa'adi kafin azahar. Shinkafa tana da nata hatsarin, domin akwai ƙwayar cutar da dafuwa ba ta kashe irinta, idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta fitar da dafin da ke sa amai. Uwar da ke son ɗanta ya ci dafa-duka a hanya sai ta zuba da zafinta a kular da ke riƙe zafi, ko ta sanyaya ta da wuri ta sa ƙanƙara a jakar.

Ga iyalan Musulmi, ciki har da Hausawan da ke zaune a Landan da Manchester da Birmingham, akwai ƙarin damuwa. Doka ba ta tilasta wa makaranta kawo naman halal ba, ko da yake ana sa ran ta yi la'akari da addini da al'adar ɗalibanta. Batun kan yi zafi, kamar yadda aka gani a Lancashire a 2018, inda majalisar yankin ta yanke shawarar daina kai wa makarantu naman shanu da tumakin da aka yanka ba tare da an sumar da su ba, majalisar masallatan yankin kuma ta nuna adawa. A ranar yawo abin ya fi sauƙin kuskure, domin masu kicin da suka san kowane yaro da fuska ba su ne ke rabon ba. Mafita ita ce a rubuta buƙatar a takardar izini tun da wuri, a nemi na cuku ko na kifi ko na ƙwai idan babu na halal.

Abin da ya fi taɓa ni a duk wannan shi ne jakar takardar nan. Wata ƙungiyar agaji ta arewa maso gabashin Ingila mai suna Children North East ta daɗe tana shiga makarantu tana tambayar yara da kansu abin da ke tona asirin talauci a ranar makaranta. Cikin abubuwan da suka fito har da guzurin ranar yawo: yaran masu hali na buɗe akwatuna masu zanen 'yan wasa, masu cin kyauta kuwa ana kiran su a miƙa musu jaka iri ɗaya. Yaro ɗan shekara tara ya san abin da hakan ke nufi, kuma akwai wanda zai gwammace ya ce ba ya jin yunwa. Ɗan ƙwallo Marcus Rashford, wanda shi ma ya ci abincin kyauta yana yaro, ya sa gwamnati ta sauya matsayi a 2020 kan ciyar da yara lokacin hutu, amma wannan ƙaramar kunya ba a majalisa ake gyara ta ba. A ofishin shugaban makaranta ake gyara ta, kuma kusan ba ta cin ko sisi. Makarantun da suka fahimta sukan buɗe wa kowa damar yin odar guzurin kicin, ko su ce kowa ya zo da jaka iri ɗaya, ko su zuba abincin a akwatin yaron tun da safe ba tare da kowa ya gani ba.

Idan rigima ta riga ta faru, akwai hanyar bi. Doka ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta samu tsarin karɓar ƙorafi: a fara da malamin aji, sai shugaban makaranta, sai kwamitin gudanarwa. Uba ko uwa su nemi a nuna musu rubutaccen tsarin guzuri, su tambayi dalilin kowane sharaɗi, su kuma faɗi halin yaronsu idan yana da lalurar da ta sa ba ya cin komai sai wasu 'yan abubuwa. Ita kuma makaranta bashi uku ke kanta: ta sanar da wuri, ta bambanta dokar kare rai da shawarar cin abinci mai kyau, kuma idan tana da magana ta yi ta da iyaye. Hana gyaɗa ba abin sasantawa ba ne. Biskit guda a ranar da ake yi sau ɗaya a zango kuwa bai kai a ɓata wa yaro rai a kansa ba. Duk hukuncin da aka yanke, kada a ɗauke abinci daga hannun yaro sai an ba shi wani a madadinsa, kuma kada a yi masa faɗa kan abin da manya suka zuba masa.