Tsami da Kanwa a Ruwan Kiwon Kifi

Mutane da yawa yanzu suna kiwon tarwaɗa ko karfasa a gida, wasu a kwamin siminti, wasu a tankin roba, wasu kuma a akwatin gilashi don ado. Sau da yawa mai kiwo kan wayi gari ya tarar kifayensa sun mutu, sai ya ce cuta ce. Alhali kuwa ruwan ne ya ɓaci, ko da yake a ido garau yake.

Kowane ruwa yana da gefen da ya karkata, ko wajen tsami ko wajen kanwa. Masana suna auna wannan da wani ma'auni mai suna pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, ruwan toka kuwa ya haura 10. Kifin kiwo ya fi jin daɗi tsakanin 6.5 da 8.5. Kada a raina taki ɗaya: ruwa mai lamba 5 ya ninka mai lamba 6 tsami sau goma.

Awon ba wuya. Akwai 'yar takardar gwaji da ake samu wajen masu sayar da kayan kiwon kifi. A tsoma ta a ruwan, za ta canza launi, sai a gwada da launukan da ke jikin kwalinta. A auna da asuba, a sake da la'asar, domin ruwan da ya yi kore da gansakuka lambarsa kan sauka da dare, ta hau da rana.

Babban tarkon masu farawa shi ne sabon kwami. Sabon siminti yana saki wa ruwa ƙarfin kanwa mai ƙona fatar kifi da matsatsarsa. Gaggawa a nan asara ce. A cika kwamin da ruwa, a bar shi mako guda, a zubar, a goge bangon, a sake cikawa. Sai takarda ta nuna ƙasa da 8.5 sannan a zuba 'ya'yan kifi.

Sai kuma kashin kifi da ragowar abinci. Su ne ke haifar da wata guba mai suna amoniya, kuma dafinta yana ƙaruwa idan lambar ta hau ko ruwa ya yi zafi. Shi ya sa bazara ta fi haɗari. Tarwaɗa dama takan leƙo sama ta shaƙi iska, wannan ɗabi'arta ce. Amma in ka ga ta tsaya ƙiƙam kai sama, ta ƙi abinci, ruwan kuma yana wari, to, kada ka ba da abinci ran nan. Ka zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan a lambu, ka ƙara sabo.

Ruwan famfo yana da maganin kulorin, sai ya kwana ɗaya ko biyu a buɗaɗɗen duro kafin a zuba. Idan awo ya faɗi ƙasa da 6.5, a ɗaure dakakken ɓawon ƙwai da aka wanke a ƙyalle, a rataya a cikin ruwan, a riƙa aunawa kullum. Kada a watsa kanwa ko lemun tsami wai don gyaran take, domin canjin farat ɗaya kan kashe kifin da ya jure ruwan jiya.