Tuƙi Cikin Maye: Doka Ta Ga Kwalba, Ba Ta Ga Ƙwaya Ba

Da yawa daga cikinmu a Arewa idan aka yi zancen hukuncin tuƙi cikin maye sai mu kawar da kai, muna ganin maganar 'yan Kudu ce da masu zama gidan giya. Dokar ba ta yi wannan rarrabewar ba. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta shekarar 2007 ta haɗa barasa da ƙwayoyi masu bugarwa a laifi guda. Duk wanda ya tuƙa mota, ko ya yi yunƙurin tuƙawa, ko ma motar tana hannunsa a kan titi alhali maye ya hana shi iya sarrafa ta, ya aikata laifi. Hukuncin da ta yanka shi ne tarar naira 5,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko a haɗa masa duka. Idan tuƙin ganganci ya kai ga rasa rai, ɗaurin yana iya kai wa shekara bakwai.

A dubi tarar nan da kyau. A 2007 mafi ƙarancin albashi a jihohi naira 5,500 ne, litar man fetur kuma tana tsakanin naira 65 da 70. Ke nan wanda aka ci shi tarar ya yi asarar kusan albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci, ko kuɗin mai sama da lita 70. Waɗanda suka rubuta dokar ba da wasa suka zo ba. Amma a 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, naira 5,000 kuwa ko lita goma ba ta saye tun bayan cire tallafin mai. Direban da ke lodi daga Kano zuwa Abuja zai biya ta daga kuɗin kujera guda, har ya yi saura. Hauhawar farashi ta cinye wannan hukunci tun da daɗewa.

Ga barasa, dokar ta sa iyaka da ake iya aunawa: rabin giram a kowace litar jini. Na'urar da ake hura wa iska a bakin titi tana aiki ne saboda barasar da ta shiga jini tana fita kaɗan-kaɗan ta huhu, don haka abin da ke cikin numfashi yana nuna abin da ke cikin jini. Hanta ce ke narkar da kusan dukkan barasar, kuma ba ta sauri don ana jiran ta. Goro, baƙin shayi, wanka da ruwan sanyi, babu wanda ke rage ko ɗigo; iyakarsu su buɗe wa bugagge ido ya ɗauka ya wartsake. Shi ya sa wanda ya raba dare yana sha zai iya wuce iyaka ko da gari ya waye. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, ta ce haɗarin yana ƙaruwa sosai tun kafin a kai wannan iyaka ta rabin giram. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, jinkirin daƙiƙa ɗaya wajen taka birki kuwa ya isa ya kai ta cikin kasuwar bakin hanya.

To amma wannan na'ura barasa kawai take gani. Direban da ya afa tiramol uku da shayin asuba zai hura mata iska ta nuna sifili, a miƙa masa takardunsa a ce Allah ya kiyaye hanya. Nan ne gizo ke saƙa a wajenmu. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya gano cewa kimanin 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a 2017. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani shirin BBC ya fallasa yadda ake kwankwaɗarsa. Tiramol ɗin da aka amince a sayar a kantin magani mai miligiram 50 ne da 100, amma wanda hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ke kamawa katan-katan yakan zama mai 200 ko 225.

Wanda ya saba zama a tasha ya ga yadda abin yake. Mota na jiran mutum biyu ta cika, kamasho yana ta ƙwala kira, sai mai tallar magani ya ratso da farantinsa, direba ya yi masa ɗan nuni da ido, a damƙa masa abu a tafin hannu. Idan ka yi magana, amsar a shirye take: "Ai na gajiya ne, Alhaji, ba na maye ba." Kuma da gaske yake, bai ɗauki kansa mashayi ba, yana salla, ba ya kusantar giya, sai dai mai mota yana jiran balas kuma hanya doguwa ce. Sai dai jiki bai san niyya ba. Tiramol dangin maganin kashe zafi ne mai sa gyangyaɗi da jiri, kuma idan ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ba tare da sallama ba. Kodin da roci barci suke kawowa, wiwi kuma tana rikita hasashen nisa da lokaci. Masu sa kuzari ma ba su tsira ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tuƙi da amfetamin a jiki ya ninka wanda bai sha ba kusan sau biyar wajen faɗawa haɗarin da ke kisa.

Wasu ƙasashen sun toshe wannan kafa. A watan Maris na 2015 Ingila ta sa wa ƙwayoyi da dama iyaka a jini kamar yadda aka yi wa barasa, ta ba 'yan sanda abin gwada yawu a bakin titi don gano wiwi da hodar iblis. Wanda kotu ta samu da laifi za a ƙwace lasisinsa aƙalla shekara guda, ban da tara da yiwuwar ɗaurin wata shida. Ta fuskar barasa kuwa, Japan ta ƙara gaba tun a 2007: wanda ya ba bugagge aron mota, da wanda ya ba shi giya, da fasinjan da ya nemi ya tuƙa shi yana sane, duk ana hukunta su. Ƙwace lasisi ya fi tara ciwo ga wanda tuƙi ne abincinsa, kuma ni a ganina nan ya kamata mu fi karkata, muddin za a hana mutum ya zagaya ya karɓi sabo da wani suna.

Jihohin da ke bin shari'ar Musulunci suna da nasu hukuncin, bulala tamanin ga Musulmin da ya sha giya kamar yadda mazhabar Malikiyya ta tanada. Muna ganin Hisba a Kano tana fasa kwalabe a bainar jama'a. Kwalba tana da girma, tana da wari, ƙwaya kuwa a aljihun gaba take kwana.

Akwai kuma abin da mu da kanmu muke yi bayan haɗari. Kafin a gama jana'iza dattawa sun zo da direba ko maigidansa, an ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, iyalai sun ce sun yafe. Yafiya haƙƙinsu ce, kuma abin yabo ce. Amma haƙƙinsu kaɗai suka yafe, ba na fasinja goma sha takwas da zai ɗauka mako mai zuwa ba. Ba kasafai ake ɗaukar jini ko fitsarin direba bayan haɗari ba, sai a rubuta gudu ko ƙwacewar mota, a rufe fayil.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma. A ɗaure tarar da mafi ƙarancin albashi don kada ta sake lalacewa, a wajabta gwajin ƙwaya ga duk direban da ya yi haɗarin da aka ji rauni, a kuma sa shugabannin ƙungiyar direbobi su amsa tambaya kan abin da ake sayarwa a tasharsu. Kai kuma fasinja, idan ka ga idon direba ya kaɗa, harshensa yana nauyi, sauka ka nemi kuɗinka, ka kuma faɗa da ƙarfi yadda sauran za su ji.