Yadda Jupita ta wurga Voyager 2

Man da kumbon Voyager 2 ya tashi da shi daga Amurka ranar 20 ga Agusta, 1977, bai isa ya kai shi duniyar Naftun ba. Ƙarfin jan duniyoyi ne ya ƙarasa da shi.

Duk abu mai nauyi yana janyo na kusa da shi, Jupita kuwa ta ninka Duniyarmu nauyi sau 318. Da kumbon ya tunkari Jupita a 1979, sai ta fizgo shi, ta karkatar masa da hanya, ta wurga shi gaba kamar dutse daga majajjawa. Ita ma ai gudu take tana kewaya Rana, daga wannan gudun nata kumbon ya gutsura. Satun ta yi masa haka a 1981, Yuranus a 1986. A 1989 ya isa Naftun, cikin shekara 12 maimakon kusan 30.

Ni dai, Gary Flandro nake jinjina wa, ɗalibin da ya hango tun 1965 cewa duniyoyin nan huɗu za su jeru yadda kumbo ɗaya zai ratsa su. Irin wannan jerin sai bayan kimanin shekara 175 yake dawowa.