Kafin a Ba da Fili Don Gina Otal

Layin dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure zai bi, kuma duk inda tasha ta zauna masu neman filin gina masauki ba sa jimawa ba su iso ba. Shi ya sa ya kamata mutanen Kazaure da Yankwashi da Roni da Gwiwa su san cewa sunan da ake kafawa a saman babban otal sau da yawa na haya ne. Mai ginin daban, kamfanin da ya ba da sunan daban, bankin da ya ba da rance daban, ga kuma gwamna da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa wa ikon fili. Da biyu daga cikinsu sun saɓa, aiki ya tsaya.

A Legas, otal ɗin InterContinental da aka buɗe a 2013 ya faɗa rikicin bashi tsakanin masu shi da bankin Skye. A farkon 2018 kamfanin da ke da sunan ya janye abinsa, aka koma kiran wurin Lagos Continental. A Arewa kuwa rigimar ta fi tasowa kan mallaka. Otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977, ya yi shekaru a kulle ana shari'a da iyalan Abacha, har gwamnatin jihar ta rushe shi a Janairun 2020. A Kano, wata gwamnati ta miƙa filin otal ɗin Daula ga wani kamfani, wadda ta gaje ta ta rushe ginin a Yunin 2023, kamfanin ya garzaya kotu.

Wani zai ce wannan faɗan manya ne, ina ruwan manomin Yankwashi? Ai shi ne yake fara asara. Attajiri yana da lauya, yana iya jiran hukunci shekara goma; wanda aka karɓi gonarsa da alkawarin za a ɗauki 'ya'yansa aiki damina ɗaya ma ba zai iya jira ba. Masu cewa yawan tambaya yana korar mai zuba jari su ma ba su duba da kyau ba, domin mai takardu cikakku ba ya jin tsoron nuna su. Sai hakimai da dagatai su nemi ganin takardar mallakar fili da yarjejeniyar amfani da sunan a rubuce, a biya diyya kafin a sa bulo, a kuma rubuta wa'adin da fili zai koma hannun masu shi idan ginin ya tsaya.