Ko ka san harafin Indiya da ya taɓa sumar da iPhone?

A watan Fabrairun 2018 masu iPhone sun shiga wani hali. Da an turo wa mutum wata gaɓa guda ta rubutun Telugu, sai WhatsApp ko akwatin saƙonsa ya rufe kansa, ya buɗe ya sake rufewa. Sai da kamfanin Apple ya fitar da gyara mai lamba iOS 11.2.6 kafin hankula su kwanta. Tushen matsalar kuwa abu ne da kowane ɗan makarantar allo a Potiskum ya sani: yadda ake rubuta baƙin da ba shi da wasali.

Telugu harshe ne na jihohin Andhra Pradesh da Telangana a kudancin Indiya, kuma ƙidayar 2011 ta nuna mutum sama da miliyan 81 ne suka tashi da shi. Ba baƙo ba ne a nan. Baahubali na 2015 da Pushpa na 2021, waɗanda masu tura fim ke loda wa matasa a waya, a harshen aka shirya su. Haruffan nan masu lanƙwasa da ke gilmawa a farkon fim, su ake nufi.

Almajiri a tsangaya da babbaƙu yake farawa, haruffa tsirara ba wasali. Idan ya kai farfaru sai malam ya ɗora masa wasali bisa, wasali ƙasa da rufu'a, sannan ɗauri, ɗan da'irar nan da ke nuna harafi ya tsaya cak. Yaron Telugu ta ɗaya gefen yake shigowa. Kowane baƙi nasu da "a" ɗinsa yake zuwa: క ba "k" ba ne, "ka" ne. In ana son a raba shi da wasalin, sai a ɗora masa wata ƙugiya da suke kira pollu, ya koma క్. Sunan jarumi Prabhas, ప్రభాస్, da ita ya ƙare.

A tsakiyar kalma kuma salon daban ne. Ƙugiyar ɓacewa take yi, baƙi na biyu ya ƙanƙance ko ya sauya kama gaba ɗaya, ya maƙale a gindin na farko. Wannan ƙaramar siffa ita ce ottu. A ɗauki sunan Potiskum. Mai ajami zai sa ɗauri a kan sin, ya sa wani a kan mim, shi ke nan. Marubucin Telugu zai cusa "k" ƙarƙashin "s", sannan ya rataya wasalin "u" a jikin "s" ɗin, alhali bayan "k" ake furta shi: స్కు. Wanda bai saba ba, idonsa zai karanto "su" kafin ya ankara da abin da ke ƙasa.

To, ina ruwan na'ura? Waya ba ta ajiye wannan zane a matsayin abu ɗaya. A tsarin Unicode, wanda ya karɓi Telugu tun 1991 bisa shimfiɗar da Indiya ta yi a tsarinta na ISCII, lambobi take jerawa yadda baki ke furtawa: sa, pollu, ka, u. Pollu tana da lambarta, 0C4D. Wata manhaja ce a cikin wayar ke duba jerin, ta ga baƙi ya biyo bayan pollu, ta ɓoye ƙugiyar, ta ɗauko ƙaramar siffar daga rumbun haruffa ta liƙa a muhallinta. Duk kafin ƙiftawar ido. Aikin ɗauri ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, domin shi zama kawai yake a saman harafi, ba ya tilasta wa maƙwabcinsa sauya siffa.

Akwai kuma wata lamba da ido ba ya gani, wadda aikinta hana haruffa haɗewa, ga mai son pollu ta fito fili a tsakiyar kalma. Ita ce ta shiga inda ba a zata ba a 2018. Gaɓar da ta jawo rigimar lambobi 5 ce: ja, pollu, nya, lambar ɓoyen, sai dogon wasalin "a". Manhajar Apple ta zo tsara su ta rikice, ta faɗi da duk abin da ke kanta. Ba Telugu kaɗai ba, an gano wasu gaɓoɓin Bengali da na rubutun Hindi su ma suna yin wannan ɓarna, kuma dukkansu tsarin wasalin da ke manne da baƙi suke bi.